Yara 11, kowa da larurarsa: wace manhaja zan rubuta musu?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekarata 8 ina koyarwa. A bana makarantarmu ta buɗe ajin yara masu buƙata ta musamman, shugaban makaranta ya ce ni zan riƙe shi, kuma ni zan rubuta manhajarsa kafin a dawo hutu, saura mako 6. Yaran su 11 ne, daga ɗan shekara 7 zuwa 13. Akwai kurame biyu, da yarinyar da ba ta gani sai dishi-dishi, da uku masu jinkirin fahimta, ciki har da mai larurar Daun (larurar da ake haihuwar yaro da ita, mai jinkirta girma da fahimta), da yaro mai otizim (larurar da ke shafar mu'amala da sadarwa da mutane) da ba ya magana. Sauran huɗun sun dai kasa karatu ne aka turo su. Ban taɓa samun horo a wannan fannin ba. Na yanke shawarar in ɗauki manhajar 'yan ajin farko na firamare in rage ta rabi, sauran lokacin in cika shi da zane da waƙa, amma raina bai kwanta ba. Mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ta tare ni ta ce, "Malama, don Allah ki gaya mini gaskiya, ɗana zai iya karatu kuwa?" Na rasa abin cewa. Tun ranar barcina ya ragu. Ina tsoron in cuci 'ya'yan mutane.

Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ɗawainiya. Ba zan ce miki ki kwantar da hankalinki kawai ba, domin zuciyarki gaskiya take gaya miki. Shawarar rage manhajar nan rabi, ki janye ta.

Manhajar da aka rage tana ɗauka ne cewa yaran nan duk matsalarsu ɗaya, wato ƙwaƙwalwarsu ba ta ɗaukar abu da yawa. To sake duba jerin da kika aiko mini. Kuramen nan biyu, me ya sami ƙwaƙwalwarsu? Babu komai, harshe ne bai isa gare su ba. Yarinyar nan kuwa allo ne ya yi mata nisa, rubutu ya yi mata ƙanana. In kika yi musu kuɗin goro da mai jinkirin fahimta kin tauye su, shi ɗin ma ba ki taimake shi ba, don wataƙila a wani fannin rabin manhajar ya fi ƙarfinsa, a wani kuma tuni ya wuce wurin. Ga kuma ɗan shekara 13 da za a ajiye wa littafin 'yan shekara 6 a gaba. Yaro ya san an raina shi ko da bai iya faɗa ba.

Ba ke kika fara wannan kuskuren ba, ƙasashe ma sun yi shi. A Ingila, har zuwa 1970 akwai yaran da doka ta ɗauka ba za su koyi komai a makaranta ba, aka bar su a hannun hukumomin lafiya, sauran kuma ana rarraba su da sunan nakasarsu. Sai a 1978 kwamitin da Mary Warnock ta jagoranta ya juya tambayar: a daina tsayawa kan sunan larurar yaro, a tambayi abin da yake buƙata kafin ya koya. Rahoton ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar zai nemi wani taimako na musamman a wani lokaci na zamansa a makaranta. Kin ga ke nan irinsu suna cikin kowane ajin da kika riƙe a shekarun nan takwas, kin kuma koyar da su ba tare da an sa musu suna ba. Ba baƙuwa ba ce ke a aikin nan kamar yadda kike zato.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne bambanci tsakanin sauya hanya da sauya masauki. Idan darasin shi ne yaro ya gane labari, ya faɗi abin da ya faru a farko da abin da ya faru a ƙarshe, kurma zai iya da maganar hannu, yarinyar nan za ta iya in an ƙara girman haruffa ko an karanta mata, wanda rubutu ke ba wahala zai iya da baki. Hanya ce ta sauya, masaukin yana nan inda yake. Sauya masauki kuwa shi ne ki ce wannan yaron ba zai taɓa lissafin rabawa ba a bana, ƙirga zai koya. Wani lokaci dole a yi hakan, ba kuma laifi ba ne. Amma shi ne matakin ƙarshe, ana yin sa ga yaro ɗaya, a fanni ɗaya, bayan an gwada hanyoyi ba su ɓulle ba. Ke kuwa da shi kike shirin farawa, ga kowa, a komai.

Wata masaniya a Amurka, Anne Donnellan, ta kawo wani ma'auni a 1984 wanda ni dai ban ga abin da ya fi shi amfani ga malami ba: idan ba ki da tabbacin abin da yaro zai iya, ki ɗauki zaton da ɓarnarsa ta fi sauƙi in ya zama kuskure. Auna shi a kan yaronki mai otizim. In kika ɗauka yana fahimta, kika yi ta koya masa haruffa, daga baya ya bayyana bai kama ba, me aka rasa? Wasu 'yan sa'o'i. In kuwa kika ɗauka ba ya fahimta, kika bar shi da fensir mai launi shekara biyar alhali yana fahimta, wa zai biya shi shekarun nan?

Bari in tsaya a kan yara huɗun da kika ambata a ƙarshe, waɗanda "sun dai kasa karatu". Su suka fi damuna. Kasa karatu alama ce, kamar zazzaɓi, abubuwa da yawa ke kawo ta. Kafin ki rubuta musu ko layi ɗaya, ki roƙi iyayensu a kai su a auna musu ido da kunne. Da ciwo a raina nake faɗin wannan. A farkon koyarwata akwai yaron da ya shekara a bencin baya, in na yi tambaya sai ya zuba mini ido, har na rubuta a rahotonsa cewa ba ya mai da hankali. Ashe ruwa ne ke taruwa a kunnensa, maganata tana isa gare shi kamar daga cikin rijiya. Da aka yi masa magani aka dawo da shi gaba, cikin zango biyu ya kamo 'yan ajinsu. Har yau in na tuna abin da na rubuta a kansa sai jikina ya yi sanyi.

In ido da kunne lafiya lau ne, sai a duba gaba. Ya yi dogon fashin makaranta? Harshen da ake koyarwa da shi, da shi ake magana a gidansu? Akwai abin da ke tsorata shi? Sannan akwai disleksiya, wato wahalar haɗa harafi da sautinsa, wadda ba ruwanta da kaifin basira. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani ɗan shekara 14 mai wayo wanda karatu ya gagara, har malaminsa yana ganin da baki zalla ake koyarwa da ba wanda zai kama ƙafarsa a makarantar. Irin wannan yaron, rage masa manhaja zalunci ne. Abin da yake buƙata shi ne a bi sautin haruffa da shi ɗaya bayan ɗaya, a tsare, kullum minti 20 ko 30, yana gani, yana furtawa, yana zanawa da yatsa, ba a matsawa gaba sai na baya ya zauna. A sauran darussa kuma a karanta masa ya amsa da baki, don kada kimiyya da tarihi su tsaya jiran karatunsa. Ba zan yi mamaki ba in wasu cikin huɗun nan suka koma ajinsu na asali kafin shekara ta ƙare. Ki ma rubuta hakan a cikin burinki, kada ajinki ya zama wurin da ake shiga ba a fita.

To me za ki yi da makonnin nan shida? Mafi yawansu a sanin yara za su tafi. Ki zauna da iyayen kowanne, yaron yana wurin in zai yiwu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: uwa ta san abin da ke sa ɗanta ihu, da abin da ke sa shi dariya, da yadda yake nuna ƙishirwa. Kada ki fara da abin da ya kasa, sun gaji da wannan tambayar. Ki ce, "Me ya iya? Me yake so?" Yaron da ke son motoci, da motoci za ki koya masa ƙirga da launi da harafin m.

Daga nan kowane yaro ki ware masa shafi guda. A Amurka dokar 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati su rubuta wa kowane yaro mai nakasa tsarin karatunsa shi kaɗai, da hannun iyayensa a ciki, a kuma sake duba shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Ke ba sai doka ta tilasta miki ba. A shafin ki rubuta abin da yake yi da kansa, da abin da yake yi in an kama masa, da abin da bai kai ba tukuna. Na tsakiyar nan shi ne gonarki, daga cikinsa za ki zaɓi buri uku na zango ɗaya, kada su wuce huɗu. Kuma ki rubuta su yadda ido zai iya shaida. "Ya ƙara ƙoƙari a lissafi" fata ne kawai. "Ya ƙirga abubuwa 10 yana taɓa kowanne, daidai sau 4 cikin 5" kuwa, ranar da ya cika, ke da shi da mahaifiyarsa duk za ku sani.

Na san za ki ce, Anti, darasi 11 zan riƙa shiryawa kullum? A'a. Manhajar da sauran azuzuwa ke bi ita ce ginshiƙin taki. Ki ciro jigogi daga cikinta, jigo ɗaya na mako biyu ko uku, kowa a kansa yake amma kowa da matakinsa. Ɗauki tsiro. Ki shigo da shi aji da saiwarsa da ƙasarsa, kowa ya taɓa, ya shinshina. Yarinyar da ba ta gani sosai ta bi shi da yatsa daga saiwa zuwa ganye. Kurame su koyi alamar kowane sashe da rubutaccen sunansa. Mai larurar Daun ya haɗa katin hoto da katin kalma. Mai otizim ya jera hotunan yadda iri ke tsirowa. Manyan su shuka iri a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a duhu, su riƙa aunawa da rula suna rubutawa, ga kimiyya ga lissafi a wuri guda. Masu tsara manhaja daga magina suka aro wannan dabarar. Ronald Mace, masanin zanen gine-gine a Amurka, wanda shi kansa da keken guragu yake yawo, ya yi ta kiran a tsara gini tun daga tushe yadda kowa zai iya shiga. Gangaren da aka yi don mai keke, tsoho ma ta nan yake bi, mai turin kaya ma haka.

Sai dai akwai abin da jigo ba zai ɗauke miki ba, kuma a nan kurame ne a gaba. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka da yawansu kan zo makaranta ba su da cikakken harshe ko ɗaya, sai 'yan nune-nunen da suka ƙirƙira a gida. Yaron da ba shi da harshe, da me zai riƙe "jiya" ko "saboda"? Darasinsu na farko, kuma mafi girma, shi ne maganar hannu, kullum. Kada kowa ya ce miki za ta hana su karatu. An taɓa bin wannan ra'ayin: taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880 ya yanke cewa a ajiye hannu a koyar da baki zalla, aka kwashe shekaru da dama ana hana yara harshensu a makarantun Turai da Amurka. Sai a 2010, a zamansa na Vankuba ta Kanada, taron ya yi watsi da wancan hukuncin ya kuma nuna nadama. Maganar hannu harshe ce mai nahawunta, kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ta Amurka da ta Birtaniya ma ba ɗaya ba ce. Ki nemi babban mutum kurma da ya iya ta, ya riƙa shigowa aji ko da sau biyu a mako, a kuma biya shi haƙƙinsa, don malami ne. Ke ma ki zauna ki koya, duk ajin su koya. Mai larurar Daun da mai otizim kan amfana da alamun hannu fiye da yadda za ki zata. Kuma ki daina magana kina fuskantar allo.

Yarinya mai raunin gani lamarinta da sauƙi: kujerar gaba, haske ta bayanta, baƙin rubutu mai kauri a farar takarda, duk abin da kika rubuta a allo ki faɗe shi da baki. A tambayi likitan ido ko ganin zai ci gaba da raguwa. In haka ne, a fara mata rubutun makafi tun yanzu, ɗigo shidan nan da Louis Braille ya tsara a Faransa yana ɗan shekara 15, kada a jira sai duhu ya rufe.

Masu jinkirin fahimta su ne waɗanda wataƙila za ki sauya wa masauki a wasu fannonin, amma ko su kada ki yi gaggawa. Sirrin aikinsu gutsurawa ne. Wanke hannu a wurinki abu ɗaya ne, a wurinsa mataki bakwai ne ko takwas. Ki rubuta matakan, ki kama masa duka ki bar masa na ƙarshe, ya goge hannu da kansa. In ya iya, ki bar masa biyun ƙarshe, a haka a haka har ki janye gaba ɗaya. Kin ga kullum da nasara yake tashi. Haka ake koyar da rubuta suna da ɓalla maɓalli da tara lamba. Yara masu larurar Daun galibi abin da suka gani ya fi zauna musu a kan abin da suka ji, matsalar ji kuma ta yawaita a cikinsu, don haka gajeruwar jimla, hoto a gefe, sannan jira. In kin yi tambaya, ki ƙirga goma a zuci kafin ki maimaita. Mu malamai daƙiƙa ɗaya ko biyu muke jira, sai mu ce yaro bai sani ba.

Yaronki da ba ya magana, burinsa na farko shi ne ya sami hanyar cewa "ina so", "ba na so", "na gaji". Ki koya masa miƙa katin hoto a ba shi abin da ke jikin katin. Binciken da aka yi bai nuna hakan na hana magana fitowa ba. Ki liƙa jadawalin yini da hotuna a bango, a cire kowanne in an gama, ki kuma sanar da shi kafin a sauya aiki. Ranar da ya yi ihu ko ya kifar da kujera, ki rubuta abin da ya faru kafin nan da abin da ya biyo baya. Cikin mako biyu za ki fara gano bakin zaren, ko ƙarar ƙararrawa ce, ko aikin ne ya yi masa tsawo.

Zane da waƙa ki bar su, amma ki ɗora musu kaya: waƙa ta ɗauki ranakun mako, zane ya ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir. Manyan yaran kuma, ki fara tunanin ranar da za su bar hannunki. Karanta agogo, sanin kuɗi da canji, tsallaka titi, tsabtar jiki lokacin balaga, da sanin cewa jikinsu nasu ne, akwai taɓawar da ba a yarda da ita, akwai kuma wanda za su faɗa wa. Wannan na ƙarshen kada kunya ta sa ki tsallake shi, domin yara masu nakasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi.

Shugaban makarantarku, ki same shi cikin girmamawa amma ki faɗa masa gaskiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ki nemi mataimakiya, ki nemi horo. Ki gaya masa abin da za ki miƙa daftari ne, za a sake duba shi bayan mako 6 da fara karatu, sannan a ƙarshen kowane zango. Ki kuma roƙe shi kada a killace ajin. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta Sifaniya ƙarƙashin UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince cewa makarantar kowa ita za ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro, Sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 kuma ya ƙarfafa hakan. A aikace, taron safe da wasa da motsa jiki tare za a yi, kowane yaro kuma ya sami aƙalla darasi ɗaya da yake shiga da sa'o'insa, a rubuce cikin jadawali. Ki kai buƙatun nan a takarda, ki ajiye kwafi.

Saura mahaifiyar nan. Kada ki yi mata alkawarin abin da ba ya hannunki, kada kuma ki yanke mata ƙauna, don wataƙila an daɗe ana jera mata abubuwan da ɗanta ba zai iya ba. Ki kira ta a makon nan, kada ki jira ta sake tare ki. Ki ce mata, "Mama, zan koya masa karatu, kuma ranar farko zan fara. Inda zai kai, ni da ke za mu gani tare in sha Allahu. Ga abu uku da muka sa a gaba wannan zangon, ga kuma wanda za ki riƙa yi da shi a gida minti 10 kullum." Sai ki ba ta kwafin shafinsa a hannu, ku sa ranar da za ku sake zama, ki ce ta zo da duk abin da ta lura da shi ko da tana ganin ƙarami ne.

Allah ya yi miki jagora, Malama. In an auna ido da kunnen yara huɗun nan, ki rubuto mini, ina so in ji abin da aka samu.